Gyaran tsohon gidan fatake a Zango: abin da maginan suka iya da inda suka gaza

Duk mai tsohon gidan ƙasa a Damagaram ya san damina ce alƙalinsa. Aikin da ake ta ɗaukar hotonsa a watan Maris, wani lokaci shi za ka iske ya bi rariya kafin ƙarshen Agusta. Shi ya sa ba mu ce uffan a kan wannan gyara ba sai da ya sha ruwan damina guda cikakkiya, aka hau rufi aka duba, aka ƙwanƙwasa bango daga gindi har rawani.

Aikin na wasu maginan gargajiya ne, irin waɗanda ba su da ofis, ba su da allo a bakin hanya, a bakin mutane kawai ake samun labarinsu. Dattijo guda ne ke jan ragama, sai ƙwararru biyu da ke hawa bango, sai yara masu cuɗa ƙasa da miƙa tubali. Suna karɓar jingar gyaran tsofaffin gidaje a Birni da Zango. Gidan da suka yi wa aiki na wani bafatake ne na zamanin ayari, har yanzu yana hannun magada, kuma da mutane a cikinsa. A taƙaice dai: in ruwa ne ke cin gidanka, kira su. In kuwa fuska mai ƙyalli kake so kafin salla, ko kana son a riƙa ba ka lissafi a rubuce, za ku ɓata.

Kafin a yi wa aikin hukunci sai an san irin gidan, don gidan bafatake ba gidan basarake ba ne. Birni na sarki ne da fadawansa, cikin ganuwar da Sarki Tanimu ya ɗaukaka a tsakiyar ƙarni na 19. Zango kuwa, a arewa da Birni, masaukin ayari ne, inda Abzinawa ke sauke raƙuma. Hanyar ta taso daga Tarabulus, ta bi ta Gat da Abzin da Damargu, ta sauka Damagaram, sannan ta wuce Kano. Ana shigowa da takarda, da yadi, da alharini, da sukari, da duwatsun ado, ga gishiri da dabinon Bilma. Ana fita da gashin jimina, da jemammun fatu, da hauren giwa, da tufafin Kano, da kuma bayi, abin da masu nuna wa baƙi gari kan tsallake. Wanda ya fi kowa suna a cikin attajiran Zango shi ne Malam Yaro, da Faransawa suka iske lokacin da suka ci garin a 1899, suka yi hulɗa da shi, daga baya a 1906 suka zarge shi tare da Sarki Amadu ɗan Bassa da ƙulla musu makirci. Wannan gida da muke magana ba nasa ba ne, na wani ne da bai kai shi ba, amma tsarin iri ɗaya ne.

Mutum irin wannan gidansa abu uku ne a haɗe: sito, masauki, da mazaunin iyali. Zaure na bakin hanya, nan ake ciniki, nan ake auna kaya. Bayansa ƙofar gida, fili mai faɗi, da ɗakunan baƙi a gefe guda, taskoki a ɗaya gefen. Sai shigifa, sai cikin gida inda baƙo ba ya kaiwa. Maigida yana da ɗan bene a sama, inda yake hango mai shiga da mai fita. Taska ba ta da taga, sai ƴar huda can kusa da rufi, ƙofarta gajera, bangonta ya fi na kowane ɗaki kauri. Da dalili: kuɗin lokacin wuri ne, keso guda wuri 20,000, kuma gashin jimina da fata ba su son rana ba su son raɓa.

Abin da ya kashe hanyar sananne ne. A 1911 Italiya ta afka wa Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano, kaya suka koma bi ta teku. Yaƙin Kawusan, jagoran Abzinawa da ya yi wa Faransawa tawaye, na 1916 zuwa 1917, ya watsa Abzin. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Taskoki suka zama fanko, aka ɗan zuba gyaɗa a ciki zamanin gyaɗa, daga baya aka sa ƴan haya. Kowane zamani ya bar tabonsa a jikin gini: nan an huda taga, can an haƙa masai dab da bango, an ja tiyon ruwa, an lafta siminti. Abin da maginan suka tarar ke nan.

Abu na farko da ya burge mu shi ne kwana uku suka yi ba su taɓa komai ba. Dattijon ya hau rufi da bokiti, yana zuba ruwa a kusurwa-kusurwa yana kallon inda yake bi da inda yake kwanciya. Ya bi bangon waje yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Inda yaɓe ke manne da bango, sautin gajere ne, a dunƙule. Inda ya rabu, sai ka ji kamar an buga ƙwarya. Ya ɗauki dogon ƙusa yana soka kan kowace azara a inda ta shiga bango, don can ne take ruɓewa, tsakiyarta kuwa tana nan baƙa ƙirin kamar jiya aka sa ta. Kowace tsaga ya shafa mata ɗan laka mai faɗin tafin hannu, ya ce a bar ta mako biyu. In lakar ta sake tsagewa, bangon yana kan motsi, kuma toshe tsagar ɓata ƙasa ne sai an gano abin da ke tura shi. In ba ta tsage ba, tsohon ciwo ne da ya warke. Cikin tsagogin gidan, biyu ne suka sake buɗewa, kuma duka biyun a bangon da ke kusa da masai. Duk maginin da ya zo gidanka ya yanka maka farashi daga bakin ƙofa, bai yi wannan zagaye ba, sallame shi.

Daga nan suka shiga ɓamɓare siminti, kuma nan ne magada suka fi tayar da jijiyar wuya, don wani daga cikin iyayensu ne ya kashe kuɗi ya yi shi. An yi wa bangon waje zani na siminti daga ƙasa zuwa ƙugu, da nufin kare shi daga fallatsin ruwa. Niyya mai kyau, amma garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Bangon ƙasa yana shan danshi daga gindi, yana fitar da shi ta jiki. Siminti ya toshe hanyar fita. Danshin sai ya hau sama ya fito a bakin simintin, shi ya sa kake ganin layin zaizaya daidai inda siminti ya ƙare. Ban da haka, ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa tare in rana ta buga, don haka sukan rabu, ruwan sama ya zurara ta ratar, ya zauna a baya. Gara kuwa ba ta da wurin da ta fi so kamar wannan duhu mai sanyi. Da aka ɗaga faifan farko, ƙasar bayansa ta zubo kamar garin tuwo, hannu ya shige har wuyan hannu a bangon da daga waje kake rantsuwa lafiyarsa lau.

Yadda suka cike wannan rami shi ne mafi kyawun abin da muka gani a aikin gaba ɗaya. Ba su ƙwaƙule bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan a rana ɗaya ba, wanda shi ke sa bango ya durƙusa a kan leburori. Sun raba shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa kamu biyu, kusan mita guda. Su gyara ɗaya, su tsallake biyu, su gyara ta gaba, sai waɗannan sun bushe su dawo kan waɗanda aka tsallake. Inda ramin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, sai sun tokare rufin ɗakin daga ciki kafin su sa hannu. Sukan kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har su kai ga mai tauri, su daidaita ramin ya zama mai kusurwa, su yayyafa masa ruwa, sannan su jera tubali da laka, suna cusawa da ƙarfi har babu rata a sama. Ba a watsa laka zalla a rami mai zurfi, in ta bushe takan tsuke ta saki bangon. Ƙasar da aka kankaro daga gindi, mai farin gishiri a jikinta, an fitar da ita daga gidan gaba ɗaya. Mai son arha yakan sake cuɗa ta, gishirin ya koma inda ya fito, bayan shekara biyu a koma gidan jiya.

Sun kuma rage tudun da ya taru a bakin bango. Hanyoyin Zango sun ɗaga a tsawon shekaru, daga shara da ƙasar gidajen da suka zube, har zauren wannan gida sai an sauka ake shiga. Ba su iya sauke hanya, amma sun yi gangare mai faɗin kamu biyu a jikin bangon, daɓaɓɓe, yana tura ruwa waje, sun ɗaga dokin ƙofa. Masai kuwa suka ce ko a rufe shi a haƙa wani nesa da bango, ko su ajiye aikin. An rufe.

Ƙasar gini ita ce rabin aiki, kuma a nan sun nuna sun gaji sana'ar. Lakar bakin tapki ita kaɗai tana da danƙo fiye da kima, in ta bushe takan yi tsaga kamar tafin ƙafar mai kirci. Rairayi kuwa, wanda ba a rasa shi a ƙasar nan, ba ya riƙe kansa. Sai an haɗa. Ba su yi awo da ka ba. Sun shafa gwaji uku a bangon da rana ke bugawa, kowanne faɗin kamu: ɗaya laka da rairayi kai da kai, ɗaya laka kashi guda rairayi biyu, ɗaya laka guda rairayi uku. Bayan kwana uku na farko ya tsattsage, na uku yana zuba in ka goga da yatsa, na tsakiya ya tsaya. Wannan awo na wannan ƙasar ne kawai. In amalanke ya kawo daga wani rami, sai an sake gwaji, kuma sun sake. Ana jiƙa ƙasar, a tattake, a zuba yankakken ramno da kashin doki ko na jaki, a tara ta tsibi a rufe, a riƙa buɗewa ana ƙara ruwa ana sake tattakawa. Ta yaɓe sun bar ta kusan mako biyu har ta yi wari, ciyawar ta yi laushi. Wanda ya cuɗa da safe ya yaɓa da la'asar, ruwan farko zai wanke masa.

Ga wani abu da ya shafi Damagaram musamman, wato ruwa. Kowa ya san yadda ruwa ke wuya a garin nan in bazara ta kama. Cuɗa ƙasa kuwa tano-tano take sha. Wanda ya fara aiki bayan kaka, tapkuna na da ruwa, ya tsira da kuɗi masu yawa. Wanda ya bari sai Afrilu, ƴan ga-ruwa zai yi wa aiki. Kuma kada a yarda da ruwan kwata don arha, sabulu da gishirin da ke cikinsa suna fitowa a jikin bango.

Rufi shi ne ya fi cin lokaci. Al'adar gidajen ƙasa ita ce kowace shekara kafin damina a ƙara yaɓe a sama, ba mai tunanin ragewa. A wannan gida ƙasar rufin taska ta kai kusan kamu guda. Lissafin ba wuya: busasshiyar ƙasa mai kaurin santimita 10 tana kai kilo 170 a kan kowace murabba'in mita, in ta jiƙe ta fi haka. Ninka wannan sau huɗu ko biyar a kan azarar da kanta ya soma ruɓewa, ka ga dalilin da rufi ke ruftawa da dare a tsakiyar Agusta ba tare da gargaɗi ba. Sun sauke ƙasar duka, kuma ba su zubar ba, don ba ta da gishiri, ta kuma riga ta sha makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, shekara da shekaru, babu ƙasar da ta kai ta kyau. Azara ɗaya-ɗaya aka duba. Mai lafiya ta koma wurinta. Wadda kanta kawai ya ci, aka datse aka yi amfani da ita a gajeren wuri. Wannan tattali ba rowa ba ne. Azarar kirki daga namijin giginya ake tsaga ta, ɓangaren waje mai baƙi da tauri wanda gara ba ta iyawa da shi, daga kudu ake kawo ta, kuma giginya ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Abin da ake sayarwa da yawa yanzu fari ne, mai ɓargo, farce ma yana shiga. Dattijon ya mayar da kusan rabin lodin farko. Azara ba ta ɗaukar rufi a faɗin da ya wuce mita 1.8 ita kaɗai, shi ya sa ɗakunan da suke dogaye ne ƴan siriri, shi ya sa kuma ake yi wa zaure bakan gizo ko daurin guga, wato lanƙwasassun bakuna masu ɗaukar rufi, in ana son faɗi. Sun sa kowace azara ta shiga bango fiye da taƙi guda, suka shimfiɗa asabari, sannan ƙasa a hawa biyu, ta biyu bayan ta farko ta bushe, da gangare kamar yatsa guda a kowane kamu zuwa bakin indararo.

Daurin gugan zauren ba su taɓa shi ba sai ɗan toshe-toshe, kuma daidai suka yi. Wanda zai iya kwance irin wannan ya mayar yadda yake, ƴan kaɗan ne suka rage.

Indararo ƙaramin abu ne da ke kashe babban gida. Ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙo ba ne a Agusta, in ya sauka a rufi mai murabba'in mita 40, lita 2,000 ne, tano goma cif, kuma duk ta baki ɗaya ko biyu zai fita. Tsofaffin indararon gidan na kwano ne, gajeru, sun yi tsatsa, ruwa yana bin ƙarƙashinsu yana zurara a jikin bango har ya yi kwari. Sun sa sababbi masu fitowa fiye da kamu guda daga bango, sun faɗaɗa bakin, sun ƙara guda a rufin taska. Mahaɗar indararo da rufi, inda yoyo ke farawa kullum, sun yi mata laso, wato yaɓen gargajiya mai hana ruwa shiga, kuma sun ajiye faffaɗan dutse a ƙasa inda ruwan ke dira don kada ya haƙa rami ya fallatso gindin bango. Duwatsu dai ba a saye a Damagaram.

Laso nan kaɗai suka yi shi, da saman rawani, don kayan haɗinsa sun yi wuya. Ana yin sa da katsi, wato lakar gindin karofi da aka busar aka ƙona aka daka, da gashin jima, da ruwan dafara, wani tsiro mai yauƙi. Gashin jima ba matsala a garin da ke da majema, katsi ne ya yi ƙaranci tun da marina suka ja baya. Sauran bangon makuba suka yi masa: ɓawon ɗorawa a daka, a jiƙa, ruwan ya yi ja-ja-baƙi, a cuɗa yaɓe da shi. Sun yi yaɓen a hawa biyu, kowanne bai wuce kaurin yatsa guda da rabi ba, bayan sun jiƙa bango. Yaɓe mai kauri nauyinsa ne ke kayar da shi. Suna yin bangon gabas da maraice, na yamma da safe, don kada rana da iskar hunturu su busar da fuska alhali ciki na ɗanye. Bangon gabas, inda hadari ya fi dukansa, ya sami hawa na uku.

Zuwa nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga nan ne ƙorafi ya fara.

Zanen ƙofar zaure sun ɓata shi, ba wata kwana-kwana. Tsohon zanen na hannu ne, an fito da shi a kan ɗanyen yaɓe, layukansa sirara, dagin da ke saman ƙofa ba ya daidaita gefe da gefe, kuma nan kyansa yake. Ƙasa da rabinsa ne ya rage, amma abin da ya rage ya isa a bi sawunsa. Ba wanda ya ɗauki hoto kafin a fara, ba wanda ya aza takarda ya kwafi layin. Yaron da aka ba aikin ya kankare wurin ya yi nasa dagi, mai kauri, mai daidaito, irin wanda ake gani a ƙofar sababbin gidaje, ya ƙara takobi biyu da ba a taɓa yi a wurin ba. Hannunsa ba laifi, amma wannan ƙofa ta shekara fiye da ɗari yanzu tana kama da ta bara. Sannan magada suka matsa a shafa fentin mai, shuɗi da kore, maginan kuma ba su yi gardamar da suka yi a kan siminti ba. Fentin mai ɗan'uwan siminti ne a wannan fanni, yana toshe numfashin bango, kuma tuni ya fara kumbura a ƙasan dagin. Farar ƙasa da jar ƙasa sun isa, kuma in sun koɗe sakewa ba ta da tsada. Wanda zai ba su aiki, ya ɗauki hoton kowace kusurwa da wayarsa, da sanda mai awo a jingine, kuma ya ce musu kada a taɓa zane sai yana tsaye. In da hali, a nemo mai zane daban. Gini sana'a ce, zane wata sana'a ce.

Na biyu, sun huda wa babbar taska taga mai faɗi, suka sa mata ƙarfe, don ana son a mayar da ita ɗakin kwana. Mai gida ke da iko da gidansa, kuma gidan da ba kowa a ciki shi ya fi saurin faɗuwa, jemage da gara su gaje shi. Amma akwai taskoki uku, biyu an riga an huda su tun zamanin ƴan haya. Wannan ce kaɗai ta rage yadda bafataken ya bar ta. Da sun ce wa Alhajin da ke wakiltar magada a gyara waɗancan biyun a bar wannan, da ya ji, don duk abin da dattijon ya dage a kai an yi masa. Ba su ce ba. A wurinsu bango bango ne. Sun san yadda gidan ke tsayuwa, ba su damu da abin da ya sa aka gina shi haka ba. Tsohon ƙyauren taskar, mai manyan ƙusoshin maƙera, an same shi a jingine a bayan gida cikin itacen girki, wata tsohuwa ce a gidan ta hana a faskara.

Na uku, wayar lantarki. Maginan sun gama yaɓe, mai lantarki ya zo ya tsaga bango ya binne waya, ya toshe da siminti. Ba laifinsu kai tsaye ba ne, amma da sun tambaya tun farko da an ja wayar a cikin tiyo a saman bango, inda ake ganinta. Haka tiyon ruwa: kada a binne shi a bangon ƙasa ko kusa da gindinsa. Ɗigon da ba ka gani, wata shida ya ishe shi.

Maganar kuɗi da lokaci sai an yi haƙuri. Jinga suke yi da baki, ɗaki-ɗaki, kayan aiki na mai gida. Ba su ƙara farashi a kan abin da aka yi magana ba, amma abin da ba a gani sai an buɗe, kamar yawan azarar da za a sauya, sai an sake zama. Mai hankali ya ware kuɗi a gefe don wannan, ya kuma rubuta yarjejeniya da kansa a gaban shaidu biyu, don su ba za su rubuta ba. A biya gaɓa-gaɓa, bayan an ga aiki. Sun ce wata uku, aikin ya ci biyar. Wani jinkirin na ƙasa ne, ba a gaggauta bushewa. Wani kuwa nasu ne: ranar Alhamis rabin yaran suna kasuwa, kuma sun karɓi wani aiki a Birni suna raba ƙafa. Da hadari ya fara haɗuwa, leburorin manoma ne, gona ta kira su. Duk wanda bai rufe rufinsa kafin ƙarshen Mayu ba ya shiga uku. A fara a Nuwamba.

Kafin ma a kira magini, a gama da magada. Gidan gado mai masu shi ashirin, wasu a Yamai, wasu a Kano, wasu a Agadas, ba ya gyaruwa sai an wakilta mutum ɗaya a gaban mai unguwa. Kuma kada a zauna jiran tallafi. Tun 2006 Birni da fadar sarki suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma gidan magada a Zango aljihun magada ne ke riƙe da shi.

Bayan damina ga abin da aka samu. Rufin taska da na ɗakunan baƙi ba ɗigo ko ɗaya. Benen ya yi yoyo a kusurwa guda, inda tattabaru suka toshe bakin indararo da tsinke, ruwa ya kwanta. Gindin bangon waje a bushe yake, ƙwanƙwasa ta ba da sauti gajere ko'ina. Tsagogin nan biyu na kusa da masai, da aka ɗinke da guntayen azara a gicciye, ba su sake buɗewa ba. Makubar bangon gabas ta ɗan zaizaye a sama, kamar yadda aka sa rai, tana son shafe guda kafin damina mai zuwa. Dattijon ya dawo da kansa bayan ruwan farko mai ƙarfi, ba a kira shi ba, ya hau ya share indararon, ya nuna wa wani saurayi a gidan yadda ake toshe ƴar tsaga da laka tun tana kamar zare, sannan ya ce a sare bedin da ya tsiro a jikin bangon shigifa tun bai yi saiwa ba.